“A Waya Na Gani”: Yaushe Intanet Ke Taimakon Lafiya Da Aljihu, Yaushe Take Cutarwa?

Shin mutum zai iya dogara da wayarsa wajen neman magani, ko rage kuɗin wuta da na girki, ko sayen kaya ba tare da ya taka ƙafa kasuwa ba? Tambayar da ke yawan tasowa a Kano ke nan yanzu, a majalisar bayan La'asar, a gidan suna, har a cikin Adaidaita Sahu. Da zarar ta taso mutane kan rabu biyu. Wasu sun riga sun sallama, “a waya na gani” ta zame musu hujja, kamar yadda iyayenmu ke cewa “an faɗa a rediyo”, magana ta ƙare. Wasu kuma sun yi wa abin kuɗin goro, duk abin da ya fito daga waya a wurinsu ƙarya ne ko damfara. Na farko yana jefa ransa da kuɗinsa a haɗari, na biyu kuma yana toshe wa kansa wata ƙofa ta alheri da ke cikin aljihunsa.

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne gwaggona da ke cikin gari. Shekararta takwas tana shan maganin hawan jini. Rannan aka turo wani bidiyo a rukuninsu na WhatsApp, wani mutum sanye da farar riga yana bayani cikin Hausa mai daɗi cewa ƙwayoyin asibiti ƙoda suke kashewa, ga garin magani da zai raba mutum da hawan jini har abada. Ta tura kuɗi, aka kawo mata a leda, ta ajiye ƙwayoyinta a ƙasan filo. Bayan sati uku ta fara ciwon kai da jiri. Da aka auna ta a kemis ɗin unguwa, jinin ya haura 180. Allah ya taƙaita, aka garzaya da ita asibiti.

“Gwaggo, me ya sa ba ki tambayi kowa ba?” na ce da ita.

“Ai likita ne, ɗan nan. Da idona na gan shi.”

Da wayar nan dai, a wannan daren, 'yarta ta binciki sunan maganin a rumbun bayanan NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna, ba ta same shi ba. Waya ɗaya ta yi aikin biyu.

Me ake nufi da “a intanet”?

Kuskuren farko shi ne ɗaukar intanet a matsayin mai magana. Intanet hanya ce, kamar titin Zariya: motar asibiti na bin sa, motar ɓarayi ma na bin sa. Idan mutum ya ce “intanet ta ce”, tambayar da ta dace ita ce, wane ne ya faɗa a cikinta?

Akwai shafukan hukumomi da cibiyoyi masu suna da adireshi, irin su Hukumar Lafiya ta Duniya, NAFDAC, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, da hukumar hasashen yanayi NiMet. Waɗannan in sun yi kuskure akwai wanda za a kama. Akwai kasuwannin intanet kamar Jumia da Konga da Jiji. Akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya su amsa, irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, da Meta AI da ke cikin WhatsApp. Sai kuma inda yawancinmu muke wuni: Facebook, TikTok, Instagram da rukunonin WhatsApp.

A wannan na ƙarshe ya kamata a tsaya. Abin da kake gani a TikTok ko Facebook ba kai ka zaɓa ba, na'ura ce ta zaɓa maka. Ita kuwa ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da take ƙirgawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya kana kallo, mutum nawa suka tura wa wasu. Shi ya sa bidiyon da ya ce “warkewa cikin kwana uku” zai zagaye Kano kafin Magariba, na ma'aikaciyar jinyar da ke cewa “ku riƙa auna jininku” kuwa ya tsaya a mutum ɗari. Kuma da ka kalli bidiyon maganin basir sau ɗaya har ƙarshe, gobe za a jero maka goma, har ka ɗauka duk duniya ta yarda da shi.

A WhatsApp akwai wata 'yar alama da mutane ba sa kula da ita: kibiya biyu a saman saƙo. Ma'anarta saƙon ya bi ta hannaye aƙalla biyar a jere kafin ya iso gare ka. Wanda ya turo maka, ko da yayanka ne, bai san wanda ya fara shi ba.

Me ya tura mutane ga waya?

Ba wauta ba ce, kuma duk wanda ya fara bayaninsa da zagin jama'a ya riga ya ɓata rawarsa da tsalle. Tsada ce a kan gaba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mota zuwa asibiti kaɗai ya zama abin lissafi. A watan Agustan shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu asma da ke sayen abin shaƙa sun fi kowa sanin yadda farashi ya koma. Ga layi: wanda ya taɓa sammakon yankar kati a asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ya san mutane sun fi ƙarfin ma'aikatan. Mai sana'ar hannu da zai rasa cinikin yini guda, idan aka ce ga amsa a waya kyauta, dole ya saurara.

Sai kunya. Basir, ciwon sanyi, matsalar shimfiɗa, rashin haihuwa, abubuwa ne da Bahaushe ba ya son faɗa a gaban mutum. Waya ba ta kallon fuskarka. Masu tallar magani sun gane wannan tun zamanin motar lasifika a bakin kasuwa, yanzu sun ɗauke lasifikar sun sa ta a aljihun kowa.

Sai harshe. Yawancin bayanan lafiya masu inganci da Turanci aka rubuta su, masu yaudara kuwa da Hausa suke magana, cikin murya, da sallama da ambaton Allah. Tsohuwar da ba ta karatun boko, wa za ta fahimta?

Akwai kuma tarihi, domin ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a nan Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yara suka nakasa. Rashin yardar mutane yana da tushe, amma yaran da aka hana ɗigon ne suka biya. Duk mai son sayar da garin magani a yau, wannan tsohon miki yake sosawa.

Ƙarfin jita-jitar waya kuwa mun gan shi tun a watan Agustan 2014, lokacin Ebola. Cikin dare ɗaya saƙo ya karaɗe ƙasar cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu da asuba suna dafa ruwa. An rasa rayuka, an kwantar da wasu da dama, alhali cutar ba ta ma iso Arewa ba.

Lafiya: abin da waya ta iya da wanda ba ta iya ba

Ga yadda na fahimci abin. Waya ta ƙware wajen tantancewa da ƙarin bayani, amma ba ta iya gano ciwon da ke jikinka. Ba ta taɓa goshinka ba, ba ta ga idonka ba, ba ta san kana da ciwon suga ko matarka na da ciki ba.

A fara da tantance magani. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da rumbu a intanet mai suna Greenbook, inda za ka rubuta sunan magani ko lambarsa ka ga ko yana da rajista. Lambar da ke jikin kwali ita kaɗai ba hujja ba ce, domin mai jabu ma yana da injin buga lamba. A duba ko sunan da kamfanin da suka fito a rumbun sun yi daidai da abin da ke hannunka. Tun 2010 kuma akwai tsarin kankare wani ɗan wuri mai ruwan azurfa a jikin kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, a tura lambar da ta bayyana ta saƙon tes, amsa ta dawo nan take. Ko ƙaramar waya mai madannai tana yin wannan. Na sha tsayawa a kemis ina kallon mutane na karɓar magani suna jefawa a aljihu, da wuya ka ga wanda ya sa farce ya kankare. A garin da sai a farkon 2024 aka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro don a iya sa ido a kansu, wannan ɗan aikin na minti ɗaya ba abin rainawa ba ne.

Wani abu da mutane ƙalilan suka sani: yawancin magungunan gargajiya da ke da lambar NAFDAC, lambar tasu da harafin L take ƙarewa. Ma'anarta an duba cewa abin ba mai cutarwa ba ne a yadda aka gabatar da shi, amma ba a tabbatar yana warkar da abin da mai shi ke iƙirari ba. Don haka idan mai talla ya ɗaga kwalba yana cewa “NAFDAC ta tabbatar yana maganin ciwon suga”, ya ƙara gishiri a miyar. Ba ina rushe maganin gargajiya ba ne, da zogale da zoɓo da sabara muka tashi. Amma hawan jini da ciwon suga lallaɓa su ake yi tsawon rai, duk wanda ya ce ka ajiye maganinka ya warkar da kai gaba ɗaya, ka riƙe aljihunka ka riƙe ƙwayoyinka.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne kasuwar gyaran jiki. Kayan mata, maganin ƙiba da ake kira “sha ka fashe”, man bilicin da ake haɗawa a gida a zuba a roba babu suna babu lamba, da maganin ƙarfin maza. A irin magungunan ƙibar nan akan sami ƙwayar dexamethasone ko danginta a ciki. Kumburin da yarinya ke gani a kumatunta tana murna, ruwa ne da kitse, a ƙarƙashinsa suga da jini na hawa, garkuwar jiki na raguwa. Wadda ta daɗe tana sha ma ba a so ta daina rana ɗaya sai da jagorancin likita. Man bilicin kuma ana samun sinadarin makuri a wasunsa, wanda ke lahanta ƙoda, har ta kai NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa a 2023. An kuma sha kama maganin maza da aka ce tsantsar itatuwa ne, ashe an niƙa ƙwayar bature a ciki, abin da ke iya kayar da mai ciwon zuciya. Hoton “kafin” da “bayan” da ake nunawa kuwa, haske da manhajar gyaran hoto sun isa su yi shi.

Sabon salon da ya shigo shi ne bidiyon bogi: a ɗauki fuskar sanannen likita ko mai karanta labarai, a sa masa muryar da na'ura ta ƙirƙira yana tallar magani. A lura da leɓe, sau da yawa ba ya tafiya daidai da maganar. A kuma leƙa shafin mutumin na ainihi, ko na masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check.

To ina amfanin? Yana da yawa. Uwar da ɗanta ke gudawa da tsakar dare za ta iya tabbatar da ma'aunin ruwan gishiri da suga: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin gari ya waye a nemi na sacet da ƙwayar zinc. Za ta kuma koyi alamomin da ba a jira da su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, yana jijjiga, ko numfashinsa na sama-sama. Lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, sanin cewa ciwon maƙogwaro da kumburin wuya na iya zama shi, kuma akwai rigakafinsa kyauta, ilimi ne da ke ceton rai. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232. Wanda ya karanta zai san ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, gwajin ɗigon jini na minti 15 zuwa 20 ya fi sayen magani da ka. Zai san cewa “maleriya da taifot” da ake haɗa mana kullum, gwajin taifot ɗin da aka fi yi shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai ne ke sa ya daina aiki ranar da ake tsananin bukatarsa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna da kyau wajen fassara maka takardar cikin kwalin magani ko taya ka tsara tambayoyin da za ka yi wa likita. Sai dai suna yin kuskure cikin cikakkiyar natsuwa, Hausarsu kuma ba ta kai Turancinsu ba. Kada a karɓi adadin maganin yaro daga gare su. Ganin likita ta waya ma halas ne kuma yana rage wahala, in dai likitan na da suna da lasisin hukumar likitoci ta MDCN.

Kare muhalli: ba sai mai kuɗi ba

Idan aka ce “rayuwa mai kare muhalli”, hoton da intanet ke kawowa na Turai ne, mota mai lantarki da kantin kayan lambu masu tsada. Sai Bakano ya ce wannan ba tasa ba ce. Alhali kakanninmu da ke zuwa cefane da kwando, suna sanyaya ruwa a randa, suna kai tsohuwar tukunya a narke a ƙera sabuwa, su ne gwanayen abin. Ma'anarsa a nan ita ce rage ɓarna: ta wuta, ta abinci, ta iskar da muke shaƙa.

Sola ce ta fi jan hankali, musamman tun da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa, ya koma naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sannan Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu a watan Oktoban shekarar. Kowa na tallar “cikakken saiti” a Facebook, mutane na saye, bayan wata uku batir ya mutu. Abin da ya kamata a koya a intanet kafin a tura ko sisi shi ne lissafi, kuma ba shi da wuya. Ana ninka wat ɗin kowane kaya da awannin da zai yi aiki: fanka mai wat 60 ta yi awa 8, 480 ke nan. Ƙwai huɗu masu wat 10 su yi awa 6, 240. Talabijin mai wat 80 ta yi awa 4, 320. Jimla 1,040. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, wato 12 sau 200, amma irin mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1,200. Wato da kyar ya riƙe waɗannan kaɗai. Wanda ya ce maka zai ɗauki firji da dutsen guga a kai, ciniki yake nema. A hunturu kuma ƙura na rufe farantin, sai an riƙa gogewa.

Ajiyar wake ma haka. Mutane da yawa har yanzu fiya-fiya suke zubawa a buhu saboda ƙwari, wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuma muna ci. Buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu ne a ciki da buhu a waje. A ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi da aka cika maƙil tana yin aikin. Akwai bidiyoyin Hausa da ke nuna yadda ake ɗaurin, kuma irin wannan ne amfanin waya na gaske.

Sauran kowa ya san su, aikatawa ce ta gagara: ledar fiya wata da ke toshe kwata har ruwa ya shiga gidaje da damina, hura gawayi da leda a gaban yara, kwana da garwashi ko janareta a rufaffen wuri, wanda hayaƙinsa marar wari ke kashe iyali cikin barci. Kalmar “na ɗabi'a ne, babu kemikal” da ake liƙa wa sabulu da zuma a Instagram kuwa, kowa na iya rubuta ta.

Cinikin biri a sama

Mu Kanawa ba baƙin kasuwa ba ne. A Kwari mace za ta murza atamfa, ta ɗaga ta a rana, ta duba bakinta kafin ta taya. A Dawanau sai an soka buhu an ga ƙwayar. Matsalar ciniki a waya ita ce duk waɗannan dabarun ba sa aiki, hoto kawai ke gabanka.

Duk da haka alherinsa a fili yake. Matan aure da yawa suna sayar da turaren wuta, yaji, dambun nama da atamfa daga ɗakunansu ta WhatsApp, ɗan aike ya kai a babur. 'Yan Kwari na ɗora sabon kaya a bidiyo, mai saye a Yola ko Damagaram ya zaɓa a aika masa daga tasha. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar tiransifa ta OPay ko Moniepoint. Ko ba za ka saya a intanet ba, duba farashin waya a wurare uku kafin ka shiga Farm Centre yana hana a yi maka tsada.

Damfarar kuma salonta kusan ɗaya ne. Farashi ya faɗi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, ana gaggauta ka da “saura biyu”, an rufe wurin sharhi, sunan asusun da aka ba ka ya saɓa da na shagon. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ka nemi a kira ka ta bidiyo a nuna maka kayan a hannu, ka nemi biya bayan an kawo, ko a ba ka lambar shago ka tura wani ya gani. Shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yana ba kowa damar duba ko kamfani na da rajista. Mai sayarwa shi ma ana cutarsa da alat na bogi, don haka ya duba cikin asusunsa kafin ya saki kaya, kada ya tsaya ga hoton rasit. Lambar sirrin kati da lambar da banki ke turowa ta tes, babu ma'aikacin bankin gaskiya da zai nema.

In an riga an cuce ka, gaggawa ce magani. Ka sanar da bankinka a take don a nemi riƙe kuɗin, ka adana hotunan hirarku da rasit. In mako biyu ya wuce bankin bai warware ba, ana kai ƙara Babban Bankin Najeriya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba ka damar mayar da kayan da ya saɓa da yadda aka siffanta shi, kuma hukumar na karɓar ƙorafi ta intanet. Mutanenmu sukan ce “na bar shi da Allah”. Barin wa Allah gaskiya ne, amma shirun ne ke ba macucin damar kama na gaba.

Masu ja da juna, da wanda abin ke faɗa wa

Likitoci na kukan cewa marasa lafiya ba sa zuwa sai abu ya ɓaci, bayan sun gama gwada abin da suka gani a waya. Masu maganin gargajiya na asali, waɗanda suka gaji sana'ar, suna cewa 'yan TikTok sun zubar musu da mutunci. Wasu na kiran gwamnati ta rufe shafukan, wasu na tsoron in aka ba ta wannan wuƙar, bakin masu suka za ta fara yankewa. Ni ina ganin tallar magani ba ra'ayi ba ce, doka ta riga ta ce sai da izinin NAFDAC ake yin ta, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci. Amma kamu kaɗai ba zai wadatar ba, an rufe shafi ɗaya goma za su buɗe. Giɓin da ya fi girma shi ne na Hausa. Akwai likitoci da masana magunguna 'yan Arewa da ke fitowa suna bayani da harshenmu, Allah ya saka musu, sai dai sun yi kaɗan. Ina ma asibitocinmu na koyarwa da ma'aikatar lafiya ta jiha za su riƙa fitar da saƙon murya na minti biyu, mai suna da tambari, wanda za a iya turawa rukunin Islamiyya da na 'yan kasuwa kamar yadda ake tura na bogin.

Kafin nan, nauyin yana kan wanda ya iya karatu a kowane gida, ga shi kuɗin data ya ƙaru tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Mai hali zai tambayi likitansa a waya ya biya. Talaka, da tsofaffi, da matan da ba sa fita, su ne saƙon murya ke samu kai tsaye babu mai tace musu. A gidan gwaggona yanzu an yi yarjejeniya. Ba ta fita daga rukunin ba, domin a nan take jin haihuwa da rasuwa, amma duk abin da ya shafi magani ko tura kuɗi, sai ta miƙa wa 'yarta wayar ta ce, “Ungo, duba mini wannan tukuna.” An sayo mata na'urar awon jini ta hannu, ana rubuta sakamakon a bayan kalandar ɗakinta duk Litinin da Alhamis, ranar asibiti a ɗauki hotonsa a nuna wa likita.